Yadda Kwamfuta Ta Koyi Zaƙulo Ƙa'ida Daga Misalai

Jiragen ƙasa goma ne aka zana, biyar sun nufi gabas, biyar yamma. Me ya bambanta su? Wannan shi ne kacici-kacicin Ryszard Michalski da ya yi suna wajejen 1980, kuma amsarsa gajera ce: duk jirgin da ke da ɗan tarago gajere mai rufi, gabas ya dosa. Burin masana shi ne kwamfuta ta gano irin wannan ƙa'ida da kanta, ta kuma rubuta ta yadda mutum zai karanta ya yi gardama da ita.

An fara sharar fage tun 1970, lokacin da Gordon Plotkin a Edinbara ya nuna yadda za a ɗauki misalai biyu a tsamo abin da suka yi tarayya a kai, ba daɗi ba ragi. A farkon shekarun 1980 Ehud Shapiro a jami'ar Yale ya biyo ta ɗaya ɓangaren: manhajarsa kan fara da hasashe mai faɗi, sai ta riƙa rage shi duk sanda wani misali ya ƙaryata shi. Harshen kwamfuta na Prolog, wanda aka ƙirƙira a Faransa a 1972, shi ya zama alƙalamin rubuta waɗannan hasashe.

Inda gizo ke saƙa shi ne yawan hasashen. Ka ƙara sharaɗi guda, sai adadinsu ya ninka ya sake ninkawa, har na'ura ta gaza. Manhajar FOIL ta Ross Quinlan, a 1990, takan cafki sharaɗin da ya fi raba misalai nan take ta wuce, ko da wani mafi kyau na ɓoye a gaba. Stephen Muggleton, wanda ya raɗa wa fannin suna a 1991, ya fito da manhajar Progol a 1995, kuma a ganina nan ne hikimar ta fi burgewa: a ɗauki misali ɗaya tak, a rubuta duk abin da aka sani game da shi, sannan a taƙaita bincike cikin wannan iyaka. Da Progol aka tunkari sinadaran da ke jirkita ƙwayoyin gado, aka samu ƙa'idoji kan yadda ƙwayoyin zarra ke haɗuwa, waɗanda masanin kimiyyar sinadarai zai iya dubawa ya ce ya yarda ko bai yarda ba.

Bayan 2012 manhajojin da ke kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa suka mamaye fage, ga ƙarfi amma ba sa faɗin hujjarsu, abin da ke damuna matuƙa. Duk da haka aikin bai tsaya ba. A 2021 Andrew Cropper da Rolf Morel na Oxford suka fitar da manhajar Popper, wadda idan hasashe guda ya faɗi, takan gano dalilin faɗuwarsa ta watsar da duk danginsa gaba ɗaya kafin ta gwada na gaba.