Burushin fensir na dijital

Burushin fensir na dijital kayan aiki ne a cikin manhajojin zane na kwamfuta da waya, wanda ake tsara shi don ya kwaikwayi layin da fensir yake bari a kan takarda. Masu zanen littattafai, da masu zanen barkwanci, da ɗaliban fasaha suna amfani da shi wajen zayyana ta farko da kuma saka inuwa. Abin da ya bambanta shi da sauran burusai shi ne kaushin takarda da yake fitowa a cikin layinsa, wato ƴan ɗige-ɗigen fari da ake gani a zanen fensir na gaske.

Tushe

Bakin fensir haɗi ne na girafait da yumɓu. Bafaranshe Nicolas-Jacques Conté ne ya ƙirƙiro wannan haɗi a shekarar 1795. Idan yumɓu ya yi yawa fensir yakan yi tauri, layinsa ya yi haske, kamar 2H. Idan girafait ya rinjaya yakan yi laushi, layinsa ya yi duhu, kamar 6B. Fensir na HB da ake rubutu da shi a makaranta yana tsakiya.

Fuskar takarda ba sumul take ba, tana da ƙananan tudu da kwari. Idan aka ja fensir a hankali, girafait yana maƙalewa ne a kan tudun kawai, kwarin ya zauna fari. Idan aka danna da ƙarfi sai ya cika kwarin, layi ya yi duhu. Wannan ne abin da manhaja take ƙoƙarin kwaikwaya.

Tarihi

Manhajar Painter, wadda Mark Zimmer da Tom Hedges na kamfanin Fractal Design suka fitar a shekarar 1991, tana cikin na farko da suka shahara da kwaikwayon fensir da gawayi a kan takarda mai kaushi. A yau kamfanin Corel ne yake da ita. Photoshop 7.0 ta zo a shekarar 2002 da sabon tsarin burushi da ya ba da damar saka kaushi. Procreate, ta kamfanin Savage Interactive da ke Tasmaniya a Ostareliya, ta fito a kan iPad a shekarar 2011, sannan Apple Pencil mai gane dannawa da karkatawa ya biyo baya a 2015. Krita kuwa kyauta ce, kuma tana aiki a Windows da Linux da macOS da Android.

Yadda yake aiki

Manhaja ba ta jan layi ɗaya miƙaƙƙe. Tana buga wani ƙaramin hoto, kamar hatimi, sau da yawa a jere a bin hanyar alƙalami. Wannan hoto shi ne bakin burushi. Idan tazarar da ke tsakanin bugun ta yi faɗi, layi yakan fito kamar carbi, don haka ake rage ta.

Kashi na biyu shi ne hoton kaushi, mai launin baƙi da fari da toka-toka. Manhaja tana ɗaukar sa a matsayin taswirar takarda: a mafi yawan saituna wuri mai haske tudu ne, wuri mai duhu kuma kwari. Ƙarfin dannawa, wanda alƙalamin dijital yake aunawa, shi ne yake yanke inda launi zai kama. Wasu alƙaluman Wacom suna bambance matakan dannawa har 8,192. Karkatar da alƙalami kuma yana faɗaɗa bakin burushi, kamar yadda mai zane yake kwantar da fensir ya yi inuwa da gefensa.

Muhimmin abu shi ne kaushin ya tsaya a wuri ɗaya a kan shafi. A takarda ta gaske tudu ba ya motsi, saboda haka idan aka maimaita layi a wuri ɗaya, ɗigon farin nan yana nan inda yake. Idan kaushin yana bin burushi, layi na biyu yakan rufe farin na farko, zanen ya dame ya koma kamar feshi. A Procreate zaɓin Texturized ne yake tsayar da kaushi, Moving kuma yana jan sa tare da burushi.

Haɗa burushi

Galibi ana farawa ne da goga fensir mai laushi a kan takardar zane, sannan a ɗauki hotonta da sikana ko kyamara. Ana mayar da hoton baƙi da fari, a daidaita haskensa don kada wani gefe ya fi wani duhu, sannan a gyara bakunansa yadda idan aka jera shi ba za a ga mahaɗa ba. Bayan haka ake ɗora shi a saitin burushi, a haɗa duhun layi da ƙarfin dannawa. Girman layi ana barin sa ya canza kaɗan ne kawai, domin bakin fensir ba ya buɗewa kamar gashin burushin fenti. Launin da ake zaɓa toka-toka ne mai duhu, tunda girafait ba baƙi ƙirin ba ne.

Ana adana burushi a fayil don rabawa: .abr a Photoshop, .kpp a Krita, .brush a Procreate.

Matsaloli

Idan hoton kaushi ƙarami ne, ido yana saurin gane maimaicinsa a wuri mai faɗi. Girman kaushi kuma yana da alaƙa da yawan fiksel na shafi: wanda ya dace da ƙaramin zane yakan ɓace a babban shafin da za a buga. Mai zane da yatsa, ko da alƙalamin roba marar auna dannawa, ba ya samun sauyin duhu da kansa, sai dai ya rage kaurin launi ya yi ta maimaita layi. Haka nan gilashin allo yana da santsi, hannu ba ya jin turjiyar takarda. Shi ya sa wasu masu zane suke manna wa allo leda mai ɗan kaushi, ko da yake tana saurin cinye bakin alƙalami.