Haɗari Babu Hadari

'Yar lanƙwasa ɗaya ce ta raba kalmomin biyu a rubuce. Hadari shi ne baƙin girgijen da ke tasowa daga gabas da damina. Haɗari kuwa, wanda wasu ke ce wa hatsari, baƙo ne daga Larabci, jikan "khaɗar". Matuƙin jirgin sama ya saba ganin su tare, kuma da zarar rada ta nuna masa hadari a gaba sai ya kauce. Ranar wuya ita ce ranar da haɗarin ya zo shi kaɗai. Gari garau, ko ƙyallin girgije babu, jirgi ya kai ƙafa 35,000 ya miƙe, ma'aikata sun turo keken abinci, kwatsam sai kofin shayi ya bar tire ya daki rufi.

To, mene ne sunan wannan abu?

Sunan da ya fi daɗewa a bakin fasinja shi ne rami. Bafaranshe ya ce "trou d'air", Bajamushe ya ce "Luftloch", duka ramin iska ke nan, Baturen Ingila kuma ya ce "air pocket", aljihun iska. Wannan suna ciki ne ya raɗa shi, ba ido ba. Hantar mutum ce ta kaɗa, sai ya ɗauka jirgi ya zurma inda iska ta ƙare. Alhali iska ba ta da rami. Wurin a cike yake. Iskar da ke ɗauke da fikafikan ce ta gangara da jirgin a kanta, ko ta cilla shi sama. Kuma "ramin" bai cika zurfi ba. Jirgin Singapore Airlines da ya gamu da mummunar girgiza a saman Myanmar ranar 21 ga Mayu, 2024, rahoton farko ya nuna ƙafa 178 ya faɗo cikin daƙiƙa 4.6. Shi wannan akwai hadari da ke haɗuwa a yankin, amma darasin awon ɗaya ne: saurin juyin ne ya yi ɓarna, ba zurfin ba.

Balarabe ya fi kusa da gaskiya. Ya ce "maɗabbat hawa'iyya", kuma "maɗabb" shi ne tudu ko kwazazzabon da mota ke dukawa a titi. Nan ya haɗu da Bahaushe, wanda ya miƙa hannu ya ɗauko gargada. Ina son gargada ƙwarai. Ba ta ce hanya ta ɓace ba, cewa ta yi hanya na nan amma ba ta da laushi.

Su masana sun tsaya kan "turbulence", mai tushe a "turba" ta Latin, wato taron jama'a da ya yamutse. Da jirage suka fara kaiwa can ƙololuwa, sai aka ƙara mata bayani, ta zama "clear air turbulence", yamutsin iska a sararin da ya yi wasai. Matuƙa suka taƙaita ta zuwa CAT, haruffa uku da suka yi kiciɓis da sunan kyanwa a Turanci. Sa'a ce kawai, amma ta dace da abin da ba a jin takunsa. Dalilin rashin jin takun a fili yake: radar da ke hancin jirgi ɗigon ruwa take gani, busasshiyar iska kuwa ba ta mayar mata da komai.

A tsakaninsu matuƙa na da kalmomin da suka fi wannan kaifi. Suna kasa abin huɗu, daga mai sauƙi zuwa matsakaici, mai tsanani da wanda ya wuce misali. Sannan sun ware "chop", aron ma'aikatan jirgin ruwa, don ƙananan bugu masu bin juna waɗanda ba sa sauya tsayin jirgi. Hausa ma tana da wannan bambanci a ajiye: jijjiga daban, gargada daban, tangal-tangal daban. Jirgin da ke gaba shi ke faɗa wa na baya ta rediyo wacce ya taka, kuma har yau wannan rahoton baki na cikin manyan makaman da ake da su.

Mafarin abin yawanci wani kogin iska ne da ke gudu daga yamma zuwa gabas, kilomita 9 zuwa 12 a sama, daidai inda jirage ke shawagi. A gefensa iska mai sauri na gogar mai nawa, sai igiyoyi su tashi su karye. Sunansa "jet stream", kuma ba jirgin jet ne ya ba shi suna ba; feshi ake nufi, irin na ruwan da aka matse. Wasaburo Oishi na Japan ne ya auna shi da balan-balan a shekarun 1920, ya wallafa da harshen Esperanto, don haka duniya ta daɗe ba ta lura ba.

Kada daɗin sunaye ya rufe nauyin lamarin. Ranar 28 ga Disamba, 1997, jirgin United Airlines da ya tashi daga Narita zuwa Honolulu ya shiga irin wannan girgiza a saman tekun Pasifik, fasinja ɗaya ta rasu, jirgin ya juya Narita. Masu bincike a Jami'ar Reading ta Ingila sun gano a 2023 cewa CAT mai tsanani ta ƙaru da kashi 55 cikin 100 a arewacin Atlantika tsakanin 1979 da 2020. Waɗanda suka fi jin jiki su ne ma'aikatan da ke tsaye suna raba abinci, domin su ba bel a jikinsu.

In da za a tambaye ni, gargadar sarari zan ce mata. Sarari ya ɗauko sama, ya ɗauko wasai ɗin da Turanci sai da ya ƙara kalma kafin ya faɗa, ya kuma raba ta da gargadar hadari, wadda ake hangowa a kauce mata. Ga fasinja ma ta fi rami amfani: wanda aka ce masa akwai rami addu'a kawai ta rage masa, wanda aka ce masa akwai gargada zai yi addu'ar ya kuma ɗaura bel.