Gungawan Yawuri da Tsibiran da Ruwa Ya Ci

Baƙon da ya je hutu Yawuri, a kudancin Jihar Kebbi, da wuya ya komo gida bai shiga kwalekwale ba. Daga bakin ruwa a Yelwa ake ɗaukarsa, a kai shi wani ƙauye a tsakiyar kogin Kwara. Can zai ga rumbuna, da taru an shanya, da fadamun albasa. Sai ya ɗauki hoto, ya ce ya ga zaman kaka da kakanni. Ya ga wani abu kam, amma yawancin tsofaffin ƙauyukan suna ƙarƙashin ruwan da ya ratso.

A Hausar wannan yanki, tsibiri shi ne "gungu". Daga nan aka sami sunan Gungawa, wato mutanen tsibiri. Su kuwa da bakinsu Reshe suke kiran kansu, kuma suna da harshensu dabam. Sun daɗe a tsibiran nan suna noma da su. Ruwa shi ne ganuwarsu, domin mahayin doki ba ya iya kai musu hari sai ya nemi jirgi. Har sarakunan Yawuri sun san amfanin haka. A tsakiyar ƙarni na 19, da yaƙin basasa ya yi tsanani, an ɗauke fada daga Birnin Yawuri aka kai ta tsibirin Ikum, sai a 1888 ta zauna a Yelwa.

Turawa ma ta wannan kogi suka biyo. Mungo Park ya wuce Yawuri a 1806, ya halaka a gaba kaɗan, a Busa. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka iso Yawuri suna cigiyar takardunsa.

Abin da mahara ba su yi ba, madatsar ruwa ta yi. An fara gina madatsar Kainji a 1964 domin samar da wutar lantarki, aka gama a 1968. Da aka toshe kogin, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 100. Ya ci tsohon garin Busa, ya ci babban tsibirin Foge da gonakinsa. Mutum fiye da 40,000 aka tayar. Gwamnati ta gina musu sababbin ƙauyuka a tudu, da gidajen siminti. Gidajen sun fi na dā ƙarfi, babu shakka. Amma manomin da ya saba da ƙasar da ambaliya ke yi wa taki kowace shekara, yanzu sai ya koyi noman tudu, ga kuma kaburburan iyayensa ba ya iya kai musu ziyara.

Akwai wata asarar da ba ta fitowa a hoto. A ƙauyukansu na tsibiri, harshen Gungawa ake ji daga safe har dare. A tudu kuwa sun cuɗanya da Hausawa da Kambari da masunta Sarkawa, kasuwa da makaranta duk da Hausa ake yi. Shi ya sa idan baƙo ya yi sallama a ƙauyen Gungawa, da Hausa za a amsa masa, kuma a gidaje da yawa yaran da suka tarye shi a bakin ruwa Hausar suka fi ji.