Gawa a bayan gilashi: tarihin Sarah Baartman

A shekarar 1810 aka ɗauko wata matashiya ƴar ƙabilar Khoikhoi, mai suna Sarah Baartman, daga Afirka ta Kudu zuwa Landan. Can aka riƙa fito da ita gaban ƴan kallo, suna biyan kuɗi don su ga ƙirar jikinta. A 1814 aka wuce da ita Paris, inda ta rasu a watan Disamba na 1815.

Mutuwa ba ta raba ta da ƴan kallo ba. Masanin halittu Georges Cuvier ya feɗe gawarta, ya adana ƙwaƙwalwarta da al'aurarta cikin kwalabe, yana neman hujjar ƙasƙanta baƙar fata. Ƙasusuwanta kuwa aka baje su ga jama'a, daga baya a Musée de l'Homme, har zuwa 1974.

A 1994 shugaba Nelson Mandela ya nemi a mayar da ita gida. Amsa ta ɗauki shekara 8, domin a dokar Faransa abin da ya shiga gidan tarihi na gwamnati dukiyar ƙasa ce, ba a sayarwa, ba a kyautarwa. Wato a idon shari'a matar nan kaya ce mai lamba, tamkar tukunya ko takobi. Sai da majalisa ta kafa doka ta musamman ranar 6 ga Maris 2002, sannan aka binne ta a Hankey ranar 9 ga Agusta na shekarar.

Masu goyon bayan ajiye ƙasusuwa suna cewa daga gare su ake gano cututtuka da cimar mutanen da. Haka ne, amma bincike daban, baje koli daban. Kuma ƙashin da ya shekara dubbai a ƙasa ba ɗaya yake da gawar wadda aka san sunanta ba, wadda al'ummarta ke jiran yi mata sutura.

A Disamba 2023 Faransa ta kafa dokar da ta sauƙaƙa mayar da irin waɗannan gawarwaki. Ta hanyarta ƙoƙon kai 3 suka koma Madagaska a 2025. Saura na nan cikin akwatuna. Saboda haka malamin da ya tsaya da ɗalibansa gaban gawa a gidan tarihi, ya kyautu ya sa tambayoyi uku a bakinsu: wane ne wannan, ta wace hanya ya zo nan, wa ya ba da izini?