Amanawa: Asibitin da Mishan Suka Bari

Mu da muka yi aikin lafiya a ƙasar Sakkwato mun san inda ake tura mutumin Dandin Mahe ko na Bodinga idan tabo ya fito masa a fata, an taɓa wurin bai ji ba. Amanawa ake cewa, a ƙaramar hukumar Dange-Shuni.

Jama'a kan ɗauka duk asibitin mishan na Katolika ne. Limaman Katolika 'yan ɗariƙar Dominikan daga Amurka sai a 1953 suka sauka Gusau, sistocinsu suka biyo su a 1956 da aikin jinya da karɓar haihuwa. Amanawa ta girme su. A 1937 aka damƙa wa mishan ɗin SIM, wanda ba na Katolika ba ne, sansanonin kutare na En'e: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa. Sarakuna sun yarda ne bisa sharaɗin kada a tilasta wa kowa barin addininsa.

Fasalin irin waɗannan wurare shi ya fi ɗaukar hankalina. Ba a yi su don majinyacin kwana uku ba. A zamanin allurar man calmugura, mai zafin tsiya kuma mai ƙarancin amfani, mutum kan yi shekara da shekaru bai koma gida ba, don haka gari guda ake kafawa: ɗakunan kwana, gonaki, makaranta, rijiya. Ɗakin jinya kuwa dogo ne, mai tagogi suna kallon juna da baranda mai tare rana, iska na ratsawa ba fanka ba lantarki. Wanda ya yi aikin dare cikin watan Afrilu a sabon gini mai ƙananan tagogi, wuta ta ɗauke, ya san darajar wannan dabara.

Ƙwayar dafson ta zo wajen 1950, haɗin magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya ya biyo baya bayan 1981, sai jinya ta koma asibitocin ƙauye. Gwamnati ta riga ta karɓi asibitocin kutaren daga hannun mishan a shekarun 1970. A 2020, da korona ta shigo, Amanawa aka sake nufa don killace masu cutar.

Roƙona ga hukumomin lafiya na jiha: a gyara tsofaffin gine-ginen nan ba tare da toshe tagoginsu ba, a tattara rajistocin majinyata, a kuma naɗi bayanan tsofaffin malaman asibitin tun suna raye.