Tarihin Koren Hasken da ke Cikin Dogon Ƙwan Lantarki

Farin garin da aka shafe cikin dogon ƙwan lantarki da shi, shi ne yake ba da hasken da muke gani. Tururin zaiba da ke cikin bututun yana fitar da wani haske ne da ido ba ya gani, mai zangon nanomita 254, sai garin ya shanye shi ya dawo da shi fari. A ƙwai masu inganci, koren da ke cikin wannan fari yakan fito ne daga fosfet ɗin lantanam da aka sirka da seriyam da tabiyam. An kusa shekara 200 ana fama kafin a kai ga wannan gari.

A 1787 Carl Axel Arrhenius ya tsinci wani baƙin dutse mai nauyi a ƙauyen Ytterby na ƙasar Suwidin, kuma daga nan aka shiga tono dangin waɗannan ƙarafa. An gano seriyam a 1803, Carl Gustaf Mosander ya ware lantanam a 1839, sannan tabiyam a 1843. Kamanninsu ya yi yawa, raba ɗaya daga ɗan'uwansa aiki ne na shekaru. Sai a shekarun 1940, da Frank Spedding da abokan aikinsa a Ames ta Amurka suka fito da dabarar tace su da yawa, aka fara samunsu tsarkakakku. Ma'adinin da aka daɗe ana dogaro da shi kuwa shi ne monazayit, wanda shi kansa fosfet ne. An haƙe shi a gaɓar tekun Barazil da Indiya, kuma yana nan cikin yashin da ake zubarwa bayan wanke kuza a tsaunukan Jos.

Ƙwan farko-farko ba su yi amfani da waɗannan ƙarafa ba. Garin da A. H. McKeag ya samar a Ingila a 1942 yana da arha, amma a ƙarƙashinsa jan yadi sai ya zama kamar ya koɗe. A 1971 masu bincike a kamfanonin Philips da Westinghouse suka nuna cewa a haɗa shuɗi da kore da ja, kowanne tsantsa, ya fi. Philips ya fitar da irin wannan ƙwai a 1974, daga baya fosfet ɗin lantanam ya karɓi babban kaso na aikin koren.

A nan ne, a ganina, labarin ya fi armashi. Mutum biyu za su auna sinadarai iri ɗaya, garin ɗaya ya haska tar, na ɗayan ya yi dishi-dishi. Bambancin yana wajen yadda ƙwayar kiristal ta girma. Idan aka haɗa garin cikin ruwa ba tare da zafi sosai ba, ƙwayoyin kan tashi da tsari mai kusurwa shida, da 'yan hanyoyi a ciki inda ruwa ke maƙalewa. Ka'idar aikin ita ce seriyam ya kama hasken zaiba, ya miƙa ƙarfin ga tabiyam, shi kuma ya fitar da kore mai zangon nanomita 545. To, ruwan nan sai ya tare ƙarfin a hanya, ya ɓarar da shi ya zama ɗumi kawai. Kamar ɗanyar tukunya ce da gasasshiya: yumɓu ɗaya, amma gasasshiyar ce ke da amfani. Sai an gasa garin da zafin da ya kai digiri 1,000 ko fiye, ruwan ya fice, ƙwayoyin su koma tsarin monazayit, sannan hasken ke fitowa da ƙarfinsa.

Gashin ma da sharaɗi. Dole a hana iskar oksijin shiga, don in ta taɓa seriyam takan sauya masa hali, ya koma mai cinye haske. Ana so ƙwayar ta girma sumul, 'yan mikiron kaɗan. In ta yi girma har sai an niƙa ta, niƙan ya bar tsage-tsage a fatarta, kowace tsaga kuma kafa ce da ƙarfi ke zurarewa.

Wannan matsala ta fata ta fi tsanani da aka koma yin ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi, na nanomita biyar ko makamancin haka, domin a irin wannan ƙanƙanta babban kason atam ɗin a waje suke. Ƙungiyar Markus Haase a Hambog ta Jamus ta samo mafita mai kyau ƙwarai: ta reno ƙwayar fosfet ɗin seriyam mai ɗauke da tabiyam, sannan ta bar siririn ɓawon fosfet ɗin lantanam ya girma a kanta ya rufe ta. A rahotonsu na 2003, cikin kowane ɗigon haske 100 da ƙwayoyin suka shanye, kusan 70 sun dawo a matsayin koren haske.