Shin Labarin ne Ya Dushe ko Mai Karatu ne Ya Saba? Nazarin Muhawarar Masoya The Walking Dead

Tsakure

Wannan maƙala ta duba jayayyar da ta daɗe tsakanin masu karanta labarin zane na The Walking Dead, wanda kamfanin Image Comics na Amurka ya riƙa fitarwa daga Oktoban 2003 zuwa Yulin 2019, kan ko ingancinsa ya ragu da ya yi tsawo. An bi fitowa 193 na labarin a jere, aka gwada ƙorafin da masu karatu suka fi nanatawa da abin da yake a shafukan. Maƙalar ta nuna cewa raunin da za a iya kafa masa hujja shi ne dogaron marubucin ga kashe taurarin da aka shaƙu da su, dabarar da kaifinta yake raguwa duk lokacin da aka sake amfani da ita. Sauran ƙorafin ya fi jingina da yadda ake karanta labarin da kuma inuwar shirin talabijin da aka ciro daga gare shi.

1.0 Gabatarwa

Sai an fara raba zombi da fatalwa, domin mai karatun Hausa zai iya haɗa su. Fatalwa tana da manufa, tana san wanda take bi. Zombin da ake magana a nan gawa ce da ta tashi tana tafiya ba hankali ba tunani, ba abin da ya rage mata sai yunwar naman mai rai. Kalmar ta fito ne daga al'adun mutanen Haiti, amma siffar da duniya ta sani yau George Romero ne ya kafa ta da fim ɗinsa na 1968, Night of the Living Dead.

A kan wannan tubali Robert Kirkman ya gina labarinsa. Rick Grimes, ɗan sanda a garin Cynthiana na jihar Kentaki, ya farfaɗo daga doguwar suma a asibiti ya tarar duniya ta kife, ya nufi Atlanta neman matarsa Lori da ɗansa Carl. Tony Moore ne ya zana fitowa shida na farko, daga ta 7 kuma Charlie Adlard ya karɓa bai ajiye ba har ta ƙarshe. Duk a baƙi da fari aka buga. Kirkman ya faɗa tun farko cewa abin da ke ba shi haushi da finafinan zombi shi ne suna ƙarewa daidai lokacin da yake son sanin abin da zai biyo baya, don haka shi zai yi wanda ba ya ƙarewa. Tun ran gini tun ran zane: wannan alkawari shi ya jawo masa masoya, shi kuma ya haifar da jayayyar da ake nazari a nan.

2.0 Dabarun Bincike

An yi karatun ƙwaƙƙwafi na labarin, tare da shafin wasiƙun masu karatu da ke bayan kowace fitowa mai suna Letter Hacks, inda Kirkman da editocinsa suke amsa yabo da suka. Ba a ƙirga ra'ayoyi ba, don haka maƙalar ba ta da'awar cewa ɓangare kaza ya fi yawa. Cinikin littafin ma ba a ɗauke shi ma'aunin inganci ba. Fitowar farko kimanin kwafi dubu 7 aka buga, ta 100 kuwa a Yulin 2012 ta haura dubu 380, amma tsakaninsu akwai shirin talabijin na tashar AMC da ya fara ranar 31 ga Oktoban 2010. Wannan hauhawa ta fi ba da labarin talabijin fiye da na alƙalamin Kirkman.

3.0 Mutuwa a Matsayin Jarin Marubuci

Idan aka tambayi masu cewa labarin ya lalace ina ne ƙololuwarsa, galibi gidan yari suke nunawa, wato daga fitowa ta 13 zuwa ta 48, lokacin da Rick da mutanensa suka mayar da wani kurkuku mafaka suka kuma gamu da Gwamna, azzalumin shugaban garin Woodbury. Suna da hujja. A fitowa ta 28 Gwamna ya sare wa Rick hannun dama. A al'adar labaran zane na Amurka, inda jarumi kan mutu bana ya dawo baɗi, yanke wa tauraro hannu a bar shi haka har ƙarshen labari saƙo ne cewa nan ba a mayar da abin da aka ɗauke.

Fitowa ta 48 ce ta cika saƙon. Katangar gidan yarin ta faɗi, Rick da iyalinsa suna gudu, Lori tana baya rungume da jaririyarsu Judith. Harsashi ya same ta, ta kife a kan jaririyar. Adlard ya ba wa harbin shafi guda sukutum. Abin da ya fi tsayawa a zuciya shi ne zanen da ya biyo baya, inda Rick ya waiwaya ya gani, ya ci gaba da jan Carl yana hana shi juyowa. Bayan ƴan fitowa kuma sai ga Rick riƙe da wayar tarho wadda ba ta haɗe da komai, yana hira da matar da ta mutu. Mutuwar ta yi aiki biyu a nan: ta girgiza mai karatu, ta kuma sauya wanda ya rage. An ɗauki lokaci ana nuna abin da rashin ya yi wa uba da ɗa.

Sai a gwada da fitowa ta 100. Negan, shugaban wata ƙungiya mai karɓar rabin abin da kowane gari ya mallaka da sunan ba shi kariya, ya durƙusar da Rick da abokansa a kan hanya cikin dare, ya zaɓi Glenn, ya farfasa masa kai da sandar wasan ƙwallo naɗe da waya mai ƙaya, a gaban matarsa Maggie. Ta fuskar zane wannan ya fi na 48 muni nesa ba kusa ba, domin an nuna duka bayan duka. Amma akwai bambancin da masu kare labarin ba sa son a taɓo. An san cewa fitowa ta 100 ce, an yi ta tallarta da bangwaye iri-iri, kowa ya shigo yana tambayar wa za a kashe. Mutuwar Lori ta faɗo wa mai karatu ne daga sama. Ta Glenn kuwa an zauna ana jiranta kamar ranar biki.

Daga nan lissafin ya fito fili. Wanda ya kai wannan wuri ya koyi cewa idan aka fara ba wa wani tauraro shafuka masu taushi, ana shirya masa likkafani ne. A fitowa ta 144 aka jera kawunan mutum goma sha biyu a kan sanduna a matsayin iyakar ƙasar masu sanye da fatar matattu, ciki har da na Ezekiel da Rosita, abokan Rick. Zane ne mai ƙarfi, amma cewa sai an haɗa goma sha biyu kafin a tayar da abin da mutum ɗaya ya tayar a baya, shi kansa shaida ne cewa kuɗin ya karye. A ganina nan ne kawai kalmar raguwa ta zauna daidai. Gishirin da aka saba da shi sai an yi ta ƙarawa kafin harshe ya ji, kuma akwai inda miya ba ta ƙara ɗauka.

Kirkman da kansa ya nuna ya gane. Mutuwar Andrea, abokiyar zaman Rick, a fitowa ta 167 ba ta zo da firgici ba. An san an cije ta tun kafin nan, aka ba da fitowa guda mai kauri ga bankwana, mutane suna shiga ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Ita ce mafi nauyi a rabin labarin na biyu, kuma ta yi nauyin ne saboda marubucin ya ajiye tsohon makaminsa.

4.0 Maimaicin Tsari

Ƙorafi na biyu shi ne zagaye: a sami mafaka, a zauna, azzalumi ya bayyana, a yi yaƙi, a tashi. Wata gona, gidan yari, garin Alexandria. Gaskiya ne har zuwa wani wuri, kuma yaƙin Negan, daga fitowa ta 115 zuwa ta 126, ya ja fiye da abin da ke cikinsa. Sai dai zagayen ya karye a ƙarshensa, domin Rick bai kashe Negan ba, kurkuku ya sa shi, Alexandria kuma ba a bar ta ba.

5.0 Labarin da Ya Sauya Tambaya

Fitowa ta 127 ta tsallake kimanin shekara biyu. Rick ya fito da sanda yana ɗingishi, gemu ya yi furfura. Akwai injin niƙa, ana gasa burodi, mahaya dawakai suna korar garken matattu nesa da gari kamar yadda makiyayi ke juya shanu, Carl kuma burinsa ya tafi garin Hilltop ya koyi ƙira. Matattun da suka kasance abin tsoro sun koma kamar ambaliya ko fara, masifar da ake da hanyar sarrafa ta.

Nan ne masu karatu suka rabu gida biyu, kuma a nan nake ganin masu suka sun cakuɗa abu biyu. Wanda ya zo neman tsoro yana da haƙƙin cewa abin da ya saya ba shi ake ba shi yanzu ba. Amma sauyin manufa daban, lalacewar sana'a daban. Tun a fitowa ta 24 Rick ya shaida wa mutanensa cewa sunan labarin su rayayyu yake nufi, wato tun da wuri an faɗa cewa mutane ne jigo. Bayan tsallaken sai tambayar ta koma: wa ke yanke hukunci, wa ke da ikon kisa, me ake yi da mai laifi idan babu kotu? Maggie ta sa an rataye Gregory, tsohon shugaban Hilltop, bayan ya yi yunƙurin sa mata guba, alhali Negan yana raye a ɗaki ana ba shi abinci. Wannan saɓani tsakaninta da Rick ya fi yawancin faɗace-faɗacen baya zurfi.

Inda sabon jigon ya gaza shi ne Commonwealth, ƙasar mutum kimanin dubu 50 a Ohayo ƙarƙashin Pamela Milton, inda ake ba kowa matsayi gwargwadon aikin da yake yi kafin rushewar duniya. Michonne, ɗaya daga cikin mutanen Rick, da yake lauya ce a da, nan take ta koma cikin manya. Tunani ne mai kyau ƙwarai, wanda ya isa a zauna a kansa shekaru. Amma gidan yari mai ɗauke da mutanen da ba su cika ɗaki biyu ba ya sami fitowa 36, ƙasa guda mai ajin masu kuɗi da talakawa da sojoji kuwa 18 kacal, daga ta 175 zuwa ta 192. Tawaye ya taso ya kwanta da jawabi ɗaya na Rick. Abin mamaki, masu cewa labarin ya yi jan jiki ba su cika lura cewa a ƙarshensa sauri ne ya cuce shi ba.

6.0 Yanayin Karatu da Inuwar Talabijin

Akwai abin da ba ya cikin shafi amma yana cikin hukunci. Kirkman yana tsara labarinsa kashi-kashi na fitowa shida, waɗanda ake haɗawa a kundi ɗaya. Kundi 32 aka yi. Mai saye wata-wata yana samun shafi ashirin da ƴan kai, ya gama cikin minti goma, ya jira wata guda. Idan fitowar ta kasance ta hira ce zalla, sai ya ji an cuce shi. Mai karanta kundi kuwa hirar nan numfashi ce tsakanin tashin hankali biyu. Ga wani abin lura kuma: da yawa daga waɗanda suka shigo bayan 2010 sun haɗiye shekarun farko ne a babban kundi mai fitowa 48 cikin kwana biyu ko uku, sannan suka koma layin jiran wata. Ba mamaki su ji kamar motar ta rage gudu daidai wurin da suka hau ta.

Talabijin ma ya rikita ma'auni. Daryl Dixon, wanda ƴan kallo suka fi ƙauna, babu shi a littafin. Andrea ta mutu a zango na uku na shirin, a littafin kuwa ta zama abokiyar zaman Rick. Shirin ya kashe Carl a 2018, littafin kuma da Carl ya rufe. Bayan an nuna kisan Glenn a Oktoban 2016 ƴan kallon shirin suka fara raguwa, gajiyar da aka yi da shi ta malalo kan littafin da bai aikata yawancin laifukan ba.

7.0 Rufewar da Ba a Sanar Ba

A ƙarshen fitowa ta 191 Sebastian Milton, sangartaccen ɗan Pamela, ya harbi Rick a kan gadonsa. A ta 192 Carl ya tarar da uban ya tashi gawa mai tafiya, ya harbe shi. An riga an tallata fitowa ta 194 da ta 195 da bangwayensu don a ɓatar da sawu. Ranar 3 ga Yulin 2019 ta 193 ta fito, sai masu karatu suka tarar ita ce ta ƙarshe. Marubucin da aka gama gane lissafinsa ya sami abu ɗaya da ba wanda ya zata zai kashe, wato labarin kansa.

A cikinta Carl ya girma, ya auri Sophia, suna da ƴa mai suna Andrea. Matattu sun yi ƙaranci har Hershel ɗan Maggie yana yawo da su a keken doki ana biya a kalla, Carl kuma ya gurfana gaban kotu saboda ya kashe ɗaya da ya kuɓuce, domin dukiyar wani ce. A wasiƙarsa ta bankwana Kirkman ya bayyana cewa ya taɓa shirya rufe labarin tun zamanin farkon Alexandria, da mutum-mutumin Rick a garin da matattu suka gaje. Da ya yi haka da babu Negan, babu tsallaken shekaru, babu kuma wannan muhawara.

Tun Oktoban 2020 ake sake buga labarin daga farko da launi, wanda Dave McCaig ya sa, tare da bayanan Kirkman kan yadda ya tsara kowace fitowa. Masu bin wannan bugu sun san wa zai mutu da kuma a wane shafi. Nazarin wasiƙunsu zai nuna abin da ya rage a fitowa ta 48 da ta 100 da ta 144 bayan an cire musu ba-zata.